Yadda Za Ka Binciko Ma'ana da Asalin Kalmar Turanci da Kanka

Masu karatu sun yi ta aiko da tambaya iri ɗaya: idan mutum ya ci karo da kalmar Turanci, ko wadda yake ji kullum ko wadda bai taɓa gani ba, ta yaya zai gano ainihin ma'anarta da inda ta samo asali, ba sai ya jira wani ya gaya masa ba? Cikin masu tambayar akwai ɗalibai, akwai malaman makaranta, akwai masu fassarar labarai. Aikin ba shi da wuya, amma yana da tsari. Yawancin kurakuran da ake tafkawa daga tsallake mataki suke fitowa: mutum ya garzaya neman asali alhali bai tantance ma'ana ba, ko ya ji labari mai daɗin ji ya riƙe gam bai nemi shaida ba.

Kayan aiki da abin da za su ci maka

Ƙamus iri biyu kake bukata. Na farko shi ne ƙamus ɗin mai koyo, irin Oxford Advanced Learner's Dictionary da aka saba gani a makarantunmu, ko na Longman, ko na Cambridge. Aikinsa ya gaya maka abin da kalma take nufi a yau, da sauƙaƙan kalmomi da misalan jimloli. Dukansu ukun suna da shafi kyauta a intanet.

Na biyu shi ne ƙamus mai ba da asali. Mafi sauƙin samu shi ne Online Etymology Dictionary, wanda aka fi sani da Etymonline. Kyauta ne, kuma yawancinsa rubutu ne, ba ya cin data sosai. Merriam-Webster na Amurka shi ma kyauta ne, yana ba da asali tare da shekarar da aka fara ganin kalma a rubuce. Akwai Wiktionary, yana da amfani wajen bin kalma cikin harsuna da yawa, sai dai kowa yana iya shiga ya gyara shi, don haka kada ka tsaya a kansa shi kaɗai.

Uban tafiyar shi ne Oxford English Dictionary, da ake taƙaitawa OED. Kada ka haɗa shi da ƙaramin Oxford na makaranta: bugunsa na 1989 juzu'i 20 ne. Shi ne ke jero ma'anonin kalma daga mafi tsufa zuwa mafi sabunta, kowace da jimlolin shaida da shekarunsu. Shigarsa gaba ɗaya sai da rajista, kuma da kuɗin waje ake biya. Ba na ba ka shawarar ka biya don aikin yau da kullum. Shafinsa kan nuna taƙaitaccen asali da shekarar farko kyauta, kuma idan kana jami'a, fara tambayar ɗakin karatu ko suna da rajista.

Idan na takarda za ka saya, duba shekarar bugu, sannan ka buɗe tsakiya ka bi lambobin shafi. Bugun jabu ya cika kasuwa, wani rubutunsa ya dushe, wani an tsallake shafuka. Ƙamus na Turanci da Hausa yana taimakawa lokacin fassara, amma ba ya ba da asalin kalmar Turanci. Sauran kayan aikin littafin rubutu ne da biro.

1. Kwafe jimlar gaba ɗaya

Kada ka tsinci kalmar ita kaɗai. Rubuta jimlar da ta zo a ciki, da inda ka gan ta: jarida ce, takardar asibiti ce, ko hukuncin kotu, kuma a wace ƙasa aka rubuta. Kalmar *charge* a kotu tuhuma ce, a banki kuɗin da aka cire maka ne, a waya cajin batir ne, a fagen daga kuwa kai farmaki ne. Ba tare da jimla ba, ba ka da abin da za ka zaɓi ɗaya da shi.

Gargaɗi: idan jin kalmar ka yi a rediyo, ba ganinta ba, rubutun Turanci zai iya ɓatar da kai. In ka neme ta a ƙarƙashin *f* ba ka samu ba, gwada *ph*. In da sautin *n* ta fara, gwada *kn*, *gn* ko *pn*, kamar a *knife* da *pneumonia*. In da *s* ne, gwada *ps* ko *c*. In da *k* ne, gwada *ch*, kamar a *chaos*. Ko kuma ka furta ta a makirufon wayarka, ka ga abin da zai rubuto.

2. Mayar da ita siffar da ƙamus ya sani

Ƙamus ba ya jera kowace siffa. Cire *-s*, *-ed*, *-ing* ka nemi gundarin. Wasu ba sa bin ƙa'ida: *mice* tana ƙarƙashin *mouse*, *criteria* jam'in *criterion* ce, *went* tana ƙarƙashin *go*. Idan aikatau ne da 'yar ƙaramar kalma a bayansa, kamar *give in* ko *put up with*, nemi su tare, domin ma'anarsu ba ta fitowa daga fassara ɗaya bayan ɗaya. *Put up with* haƙuri da abu ne, ba ruwansa da ajiyewa ko ɗagawa.

3. Tantance ma'ana kafin ka taɓa asali

Buɗe ƙamus ɗin mai koyo. Fara duba ajin kalmar: *n.* suna, *v.* aikatau, *adj.* sifa, *adv.* bayanau. Sannan karanta ma'anonin duka, har ta ƙarshe. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya karanta lamba 1 ya rufe littafi. Gwajin kuwa mai sauƙi ne: cire kalmar daga jimlar da ka kwafa, saka ma'anar a gurbinta, ka karanta da ƙarfi. Wadda ta zauna daram ita ce.

Dubi 'yan alamomin da ke gefe. *Formal* na takardar ofis ne, *informal* na hira, *slang* sarar matasa ko ta wasu rukuni, *offensive* zagi ne ko cin fuska, *old-fashioned* ta tsufa. Lura da ƙasa ma. A majalisar Ingila, idan aka ce an yi *table* ɗin ƙudiri, an gabatar da shi ne don a tattauna. A Amurka an jingine shi ne. Mai fassarar labarai da bai san wannan ba zai juyar da labarin baibai. Haka *go-slow*: a Ingila ma'aikata ne suke jan ƙafa da aiki don nuna fushi, a Nijeriya cunkoson motoci ne, shi ne har muka ara muke cewa gosulo. Idan jimlar daga jaridar gida ce kuma ma'anar ƙamus ta ƙi zama, ƙila Turancin Nijeriya ne. A Janairun 2020 OED ya shigar da kalmomi 29 irin waɗannan, ciki har da *okada*, *danfo* da *Kannywood*.

Gargaɗi: wasu kalmomi rubutunsu ɗaya amma ba su haɗa komai ba, kuma ƙamus ɗin asali kan raba su gida-gida. *Date* ta kwanan wata daga Latin *data* take, wato "an bayar", kalmar da ake buɗe layin wuri da rana da ita a wasiƙa. *Date* ta dabino daga Girkanci *daktylos* take, wato yatsa. *School* ta karatu daga Girkanci *skhole* take, wadda tun farko take nufin lokacin hutu. *School* ta garken kifi daga harshen mutanen Holan ta shigo. In ba ka tabbatar da wadda kake nema ba, asalin wata za ka kwaso.

4. Fasa kalmar, ka yi hasashe

Kafin ka duba asali, gwada da kanka. Raba ɗafa-goshi (guntun da ke farkon kalma) da saiwa da ɗafa-ƙeya (guntun da ke ƙarshenta). Dogayen kalmomin da ke tsorata mutane su suka fi sauƙin fasawa, domin yawancinsu da tubalan Latin da Girkanci aka gina su. Ɗauki *defenestration*. *De-* na nuna fita ko sauka daga wani abu, *fenestra* taga ce a Latin, *-ation* na mayar da aiki suna. Ma'anarta jefo mutum ta taga. An fi danganta ta da abin da ya faru a birnin Prag a 1618, inda aka jefo jami'an sarki ta tagar fada, abin da ya zama mafarin yaƙin shekara talatin a Turai. Ɗan Nijar da ya yi Faransanci zai gane *fenêtre* a ciki nan take.

Wasu tubalan da ya kamata ka haddace: *bene-* alheri, *mal-* mugunta ko lalacewa, *pre-* kafin, *post-* bayan, *tele-* nesa, *bio-* rai, *-cide* kisa, *-logy* fannin ilimi, *-cracy* mulki, *-phobia* tsoro.

Gargaɗi: hasashe ne kawai, sai ƙamus ya tabbatar. *In-* ba kullum take korewa ba. *Inflammable* da ake rubutawa a jikin tankar mai ba ta nufin abin da ba ya kamawa da wuta. Tana nufin mai saurin kamawa, daidai da *flammable*. Wannan kuskure ne da zai iya cin rai. *Invaluable* abu ne mai darajar da ta wuce kimantawa. Kuma ba kowace kalma ake fasawa ba: babu mota ko dabbar gida a cikin *carpet*. Masu Faransanci su ma su kula, *library* ɗakin karatu ne, ba kantin littattafai ba kamar *librairie*.

5. Karanta layin asali a tsanake

A nan mutane da yawa suke sarewa, saboda layin cike yake da gajerun alamomi. Bari mu ɗauki kalmar da muke ji duk ƙarshen shekara, *budget*, kasafin kuɗi. Za ka tarar da wani abu mai kama da haka:

*budget, n. ME bouget < OF bougette, dim. of bouge < L bulga, of Gaulish origin*

Ana karanta shi daga hagu zuwa dama, daga kusa zuwa nesa. *ME* Turancin tsakiyar zamani ne, kuma a lokacin *bouget* ake rubutawa. Alamar < tana nufin "daga". *OF* tsohon Faransanci ne. *Dim.* ƙaramtawa ce, kamar yadda muke cewa 'yar jaka: *bouge* jakar fata ce, *bougette* 'yar ƙarama. *L* Latin ne, inda kalmar take *bulga*, su ma Rumawa sun aro ta ne daga mutanen Gol, mazauna ƙasar Faransa kafin Rumawa su ci ta. To yaya 'yar jakar fata ta zama kasafin kuɗin ƙasa? A Ingila ta ƙarni na 18, idan ministan kuɗi zai bayyana shirinsa na shekara, akan ce ya buɗe jakarsa. An ga wannan amfani a rubuce a 1733. Sannu a hankali sunan jakar ya koma kan takardun da ke cikinta, daga nan ya koma kan lissafin kansa. Daga baya Faransawa suka sake aro kalmar daga Turanci da sabuwar ma'anarta.

Sauran alamomin da za ka yi ta cin karo da su: *OE* tsohon Turanci, *ON* tsohon harshen mutanen Sikandinebiya, *Gk* Girkanci, *F* Faransanci, *It* Italiyanci, *Ar* Larabci, *c.* kafin shekara na nufin "wajen", *obs.* ma'anar da aka daina amfani da ita. Akwai wasu biyu da suka fi waɗannan muhimmanci. *Cf.* ko *akin to* na nufin "kwatanta da" ko "'yar'uwar", ba "daga" ba. Idan an ce *water* tana da dangantaka da *Wasser* ta Jamusanci, ba a ce Turanci ya aro daga Jamusanci ba. Kaka ɗaya suka haɗa. Sai alamar tauraro a gaban kalma, wadda aka fi gani tare da *PIE*, wato tsohon harshen da masana ke ɗauka kakan Turanci da Latin da Girkanci da danginsu. Tana nufin ba a taɓa samun wannan siffa a rubuce ba, masana ne suka sake gina ta ta hanyar kwatanta harsuna. Aiki ne na ilimi mai ƙa'ida, amma idan za ka kawo ta a rubutunka, faɗi cewa ginawa aka yi.

Kada ka tsallake *perhaps*, *probably* da *said to be*. Mai ƙamus bai sa su don ado ba. Idan ya ce "wataƙila", kai ma ka ce wataƙila.

6. Bi shekarun

Riƙe zamani uku a kai. Tsohon Turanci daga wajen 450 zuwa wajen 1150. Na tsakiya daga nan zuwa wajen 1500. Na zamani daga 1500 zuwa yau. Sai shekara guda da ba a mantawa, 1066, lokacin da mayaƙan Nomandi masu jin Faransanci suka ci Ingila. Bayanta kalmomin Faransanci suka kwararo ta fada da kotu da kicin. Shi ya sa saniya a makiyaya *cow* ce amma namanta *beef*, tunkiya *sheep* amma namanta *mutton*. Da zarar ka ga kalma ta shigo tsakanin 1200 da 1400 kuma ta shafi mulki ko shari'a, to akasari ta Faransanci ta biyo.

Yanzu jera ma'anonin bisa shekara. *Nice* ta fito daga Latin *nescius*, wanda bai sani ba. Wajen 1300 a Turanci wawa take nufi. Ta bi ta ma'anoni irin su mai tsantseni da mai tsinin zaɓe, sai a ƙarni na 18 ta zama abu mai daɗi. *Meat* a da kowane irin abinci ne. *Girl* yaro ne ƙarami, namiji ko mace. *Deer* kowace dabba ce.

Gargaɗi na farko: shekarar da ƙamus ya bayar ita ce ta rubutu mafi tsufa da aka samu, ba ranar da aka haifi kalmar ba. Mutane kan daɗe suna faɗin abu kafin wani ya rubuta, kuma idan aka tono tsohuwar takarda shekarar kan ja baya. Rubuta "an fara ganinta a rubuce", kada ka rubuta "an ƙirƙire ta", sai fa in an san wanda ya ƙirƙira.

Gargaɗi na biyu, wanda ya fi kama masu ilimi: asali ba ya hukunta ma'anar yau. Na sha jin ana gyara wa mutane magana da cewa "ainihin ma'anar kalmar ita ce kaza", ana nufin ma'anarta ta shekara dubu da suka wuce. Ban yarda da wannan ba. *December* daga *decem* take, goma, amma watan sha biyu ne. *Manufacture* daga "yi da hannu" take, amma yau aikin inji ne. *Candidate* mai farar riga ne a Rum, domin masu neman muƙami farin tufafi suke sawa. Ɗan takarar yau ko baƙar riga ya sa ɗan takara ne. Ma'ana tana wurin masu magana, mataki na 3 ne yake ba da ita.

Idan kana son ganin lokacin da kalma ta yi tashe ko ta dushe, Google Books Ngram Viewer kyauta ne, yana zana yawan fitowarta a littattafai shekara bayan shekara. Yi hattara da abin da ya gabaci 1800: tsohuwar *s* mai tsawo tana kama da *f*, kwamfuta kan karanta *best* a matsayin *beft*.

7. Bi salsalar har inda shaida ta tsaya

Bambanta harshen da ya miƙa wa Turanci kalma da harshen da ta faro. Nan ne mai jin Hausa da ɗan Larabci yake da riba a kan Baturen kansa, domin kalmomi da dama sun iso mu ta wata hanya, sun isa Ingila ta wata.

*Sugar* ta shiga Turanci daga tsohon Faransanci, amma in ka ci gaba za ka isa Larabci *sukkar*, daga nan Farisanci *shakar*, daga nan Sanskirit na Indiya. Mu mun karɓi sukari daga Larabci, daga baya muka sake karɓar suga daga Turanci: kalma ɗaya, ƙofa biyu. *Coffee* daga Larabci *ƙahwa* take, ta bi ta Turkanci kafin ta shiga harsunan Turai, mu kuma muna da gahawa. *Zero* da *cipher* duk daga *sifr* suke, inda muka samo sifili. *Magazine* daga *makhazin* take, rumbunan ajiya. Ta bi ta Italiyanci da Faransanci, ta fara zama ma'ajiyar makamai a Turanci, shi ya sa gidan harsashin bindiga yake amsa sunan, sai a 1731 aka sa wa wata mujalla a Landan wannan suna a matsayin rumbun labarai. Wadda ta fi ba mutane mamaki ita ce *alcohol*, daga *al-kuhl*, kwalli. A ƙarni na 16 kowane gari mai laushi ƙwarai take nufi a wurin masu haɗa magunguna, sai ta koma tataccen ruwan kowane abu, sai a ƙarni na 18 ta tsaya kan abin da ke sa maye a cikin giya.

Gargaɗi: kada ka yanke tsakiyar salsala. Cewa "Turanci ya ari *sugar* daga Larabci" bai cika daidai ba, akwai masu miƙawa a tsakani, kuma Larabcin ma ba shi ne farko ba. Rubuta kowane zango.

8. Tace labarin kafin ka yarda

Labaran asalin kalmomi da ke yawo a WhatsApp da Facebook yawancinsu ƙanzon kurege ne, kuma wanda ya fi daɗin ji shi ya fi cancantar tuhuma. Yi wa kowane labari tambaya uku. A wace shekara aka fara ganin kalmar a rubuce? A wace shekara aka fara ba da labarin? Akwai takarda ta wancan zamani da ta haɗa su?

Fara da masu cewa kalma haruffan farko ne na wata jimla. An ce *news* ita ce *North, East, West, South*. Ba haka ba ne. Jam'in *new* ce, sababbin abubuwa, kuma tana nan tun Turancin tsakiyar zamani. An ce *golf* da *posh* da *tip* duk haka aka haɗa su. Babu shaidar ko ɗaya. Ƙa'idar da za ta cece ka ita ce, gina kalma daga haruffan farko al'ada ce da ta yaɗu a ƙarni na 20. *Radar* da *laser* da *scuba* na gaskiya ne. Idan kalma ta girmi 1900 aka ce maka haka aka gina ta, kusan kullum ƙarya ce.

Sai masu fasa kalma inda ba gaɓa. *History* ba *his story* ba ce, daga Girkanci *historia* take, bincike. *Female* ba daga *male* take ba, daga Latin *femella* take, daga baya aka karkata rubutunta don ya yi kama da *male*. Ana cewa *sincere* daga kalmomin Latin masu nufin "babu kakin zuma" take, amma ba ta da alaƙa da su. *Salary* kuwa rabi da rabi ce: gaskiya ne tana da alaƙa da *sal*, gishiri, amma labarin cewa da gishiri ake biyan sojojin Rum albashi ba shi da shaida daga zamanin.

Wannan ba ya nufin duk labari mai ban mamaki ƙarya ne. *Boycott* sunan wani wakilin mai gonaki ne a Ailan, Charles Boycott, wanda jama'a suka ƙaurace wa a 1880, kuma jaridun shekarar suna nan. *Quarantine* daga *quaranta* take, arba'in a Italiyanci, kwanakin da ake tsare jirgin ruwa lokacin annoba. *OK* ta fito a wata jaridar Boston a 1839, taƙaitawar *oll korrect*, rubutun wasa na *all correct*. Abin da ya raba waɗannan da na sama takarda ce mai shekara.

9. Kada kamanni ya ruɗe ka

Kama da wane ba ta wane. Hannu da *hand* sun yi kama a kunne kuma ma'anarsu ɗaya, amma Hausa daga dangin harsunan Cadi take, Turanci daga dangin Jamusanci, kuma babu hanyar aro da aka sani tsakaninsu a kan wannan kalma. A Farisanci akwai *bad* mai nufin mummuna, daidai da ta Turanci, kuma masana sun tabbatar haɗuwa ce kawai. Cikin dubban kalmomi dole wasu su yi karo.

Biyu sun shafe mu kai tsaye. An daɗe ana cewa boko daga *book* take. Paul Newman, masanin Hausa, ya nuna a wata maƙala ta 2013 cewa kalmar Hausa ce ta asali mai nufin abin yaudara ko na jabu, kamar a amaryar boko, daga baya aka laƙaba wa karatun Turawa. Ta ɗaya ɓangaren kuma akwai masu cewa *bogus* ta Turanci daga boko take. Abin da shaida ta nuna shi ne kalmar a Amurka ta ɓullo, tana da alaƙa da buga kuɗin jabu, kuma manyan ƙamusoshi ba su tabbatar da inda ta fito ba. Zai yi mana daɗi a ce tamu ce, amma daɗi ba hujja ba ne. Kafin ka ce wannan daga wancan take, nuna ta wace hanya ta bi, a wane zamani, a bakin su wa.

10. Gwada da majiya biyu

Duk abin da ka samu a wuri ɗaya, duba shi a na biyu wanda ba kwafin na farko ba ne: Etymonline da Merriam-Webster, misali. Shafuka goma da suka kwafi juna majiya ɗaya ce. In sun saɓa a shekara, ɗauki mafi tsufa muddin an kawo jimlar shaida. In sun saɓa a asali, rubuta duka biyun ka ce akwai saɓani.

Za ka tarar da *origin unknown* ko *of uncertain origin* a kan kalmomin da ba ka zata ba. *Dog* na cikinsu, haka *boy* da *big*. Amsa ce cikakkiya, rubuta ta yadda take.

Gargaɗi: manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna da amfani wajen sauƙaƙa bayanin da ka riga ka samu, amma sukan shirya asali da shekara har da sunan littafi cikin salo mai gamsarwa alhali babu su. Duk abin da suka ba ka, mayar da shi gaban ƙamus.

11. Rubuta, sannan ka gwada amfani da ita

Ware wa kowace kalma rabin shafi: jimlar da ka gan ta, ajinta, ma'anar da ta dace, fassararka ta Hausa, salsalarta zango-zango, shekarar farko, da ƙamusoshin da ka duba. Ga yadda na *petrichor* zai kasance: suna, ƙamshin ƙasa idan ruwan farko ya sauka bayan rani, daga Girkanci, kalmar dutse haɗe da *ichor*, ruwan da ke gudana a jijiyoyin alloli a tatsuniyoyinsu, masana kimiyya biyu a Ostireliya suka ƙirƙire ta a 1964.

Kafin ka saka baƙuwar kalma a takardar neman aiki ko jawabi, nemo jimloli uku na gaske daga jaridu ko littattafan kwanan nan, ka ga da waɗanne kalmomi take tafiya da kuma a wane irin zance. Idan duk misalan da ka samu daga jerin "manyan kalmomi" suke, ko daga littattafan da suka haura shekara ɗari, bar ta a littafinka don ganewa idan ka sake haɗuwa da ita, ka yi amfani da mai sauƙin a rubutunka.